Dajin da Muka Shuka a Hoto

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da wasu da bai kamata in manta ba, amma ranar kasuwar Gwiwa da na tsaya gaban jama'a da makirufo a hannu, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na yi ƙoƙari ma, akwai masu tuna min kyauta.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin ruwan leda a Kazaure. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau a can nake cin abinci. Mai kamfanin kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda a gida nake ce masa Kawu, a wurin aiki kuma Alhaji kamar kowa. Bayan na gama difloma na yi shekara biyu ina zaman majalisa, ina warware matsalolin ƙasa a kan benci, sai mahaifiyata ta gaji ta je ta yi masa magana. Ya ba ni tebur, da wata kujera mai juyawa da ba ta juyawa sai gefen hagu, da muƙamin jami'in talla. (Ni kaɗai ne a sashen. Ni ne shugaba, ni ne ma'aikaci, in an yi laifi kuma ba a shan wahalar neman mai shi.)

Matsalar sana'armu ita ce ruwa dai ruwa ne. Kowane kamfani ya rubuta "tsaftatacce" a jikin ledarsa, kowa ya zana ɗigon ruwa shuɗi, mai saye kuma abin da ya dame shi kawai a ce da sanyi. To a shekarar sai wani sabon kamfani ya shigo ya fara janye mana masu shaguna a Babura. Wata rana Alhaji ya kira ni ofishinsa ya ce, "Ka ce talla ka karanta. To ga Babura can tana tafiya, ka tsayar min da ita."

Ana cikin haka na ji labarin wata bita ta kwana ɗaya da aka shirya wa masu ƙananan kamfanoni a Kano, na roƙi Alhaji ya tura ni. Da safe wata malama ta yi mana bayani mai daɗi. Ta ce masu saye a yanzu suna son su ji cewa kamfanin da suke hulɗa da shi ba ya ɓata musu ƙasa da ruwa da iska, ta ce kare muhalli da ɗorewar sana'a tare suke tafiya, kuma kamfanin da ya iya ba da labarin abin kirkin da yake yi, mutane za su riƙe sunansa. Na cika shafi huɗu da rubutu. Ana tashi cin abincin rana na ce ai na gane karatu, na zame na shiga kasuwa neman shadda. Sai daga baya wani da muka zauna tare ya faɗa min cewa zaman yamma gaba ɗaya a kan abu ɗaya aka yi shi: haɗarin faɗin abin da ba ka yi ba. (Shaddar dai ta yi kyau, ba zan ɓoye ba.)

Washegari na shiga ofishin Alhaji da takardu a hammata.

"Alhaji, na samo maganin Babura. Daga yau mu ba masu sayar da ruwa ba ne kawai, mu masu kare muhalli ne. Ga takenmu: Kai ka sha, mu mu shuka."

Ya maimaita a hankali kamar mai ɗanɗana miya. "Mu shuka me?"

"Bishiyoyi. Za mu ce duk wanda ya sha ruwanmu ya taimaka an shuka bishiya."

"Bishiya nawa muka shuka zuwa yanzu?"

"Za mu shuka."

"To me ya sa a takardar nan ka rubuta mun shuka?"

"Harshen talla ne, Alhaji. Haka ake yi a manyan kamfanoni. Magana ce take yin gaba, aiki ya biyo ta."

Ya dube ni ta saman tabarau. Alhaji mutum ne da ya fara sana'a da tura kurar ruwa, kalmar "manyan kamfanoni" tana ɗan taɓa shi. A ƙarshe ya ce, "Ka je ka yi. Amma ka shuka ɗin, kuma kada ka jawo a nuna ni da baki a masallaci."

Don Allah a shaide ni, na shuka. Na sayo dashe goma sha biyu, darbejiya da bishiyar turare, na jera su a jikin katangar kamfani ta waje. Abin da ban sani ba shi ne dashe yana son kariya. Kwana uku awakin unguwa suka yi suna walima. A rana ta huɗu na fito na tarar da tsiro ɗaya tak mai kore a layin, na yi ta murna ina ba shi ruwa safe da yamma, har sai da Ɗanladi ya zo ya tsaya a kaina. Ɗanladi shi ne direban motar rabon ruwa, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma yana kirana Manaja da wata irin murya da har yau ban tantance girmamawa ce ko tsokana ba.

"Manaja, sannu da aiki. Amma wannan ai tumfafiya ce. Ita ta fito da kanta."

Duk da haka talla ta riga ta fita. Mun buga taken a jikin leda da koren rubutu, mun sa an yi 'yar waƙa a rediyo, kuma abin mamaki, ta karɓu. A Babura mata suka fara aiko a sayo musu "ruwan masu shuka". Wani mai shago a Roni ya riƙe hannuna ya ce Allah ya yi mana albarka, hamada tana cin gonakin mutane, gara da aka samu masu tunani. Na amsa da amin ba tare da ko ƙifta ido ba. Na ɗinka koriyar hula. Na fara cewa "ɗumamar yanayi" a majalisa sau uku kafin a gama shayi ɗaya.

Matata ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Ranar da ta ji waƙar a rediyo tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Baban Ummi, wai ku ne masu shukar? Kai da barkonon da na dasa a tsohon bokiti ya mutu a gabanka sati biyun da na yi a gidanmu?"

Na ce mata harkar kamfani daban, harkar gida daban.

Da na ga abu ya yi armashi sai na ce a yi babban taro a ƙaddamar da shirin a bainar jama'a. Na zaɓi Gwiwa ranar kasuwa, don a samu mutanen ƙauyuka. Na tsara za a yi ƙaton allon talla mai hoto, a lulluɓe shi da farin ƙyalle, a yaye a gaban manyan baƙi. Saura hoto. Ba zai yiwu in ɗauki tumfafiya ba.

Wata rana na bi Ɗanladi rabon ruwa. Mun baro Roni mun nufi Gwiwa, rana ta take, bazara ta ƙone komai, duwatsu sai hucin zafi suke, kawai sai ga wani lambu a gefen hanya kore shar kamar an ɗauko shi daga wata ƙasa. Mangwaro, goba, darbejiya a jere ta zagaye shi, ga zogale, ga dabino biyu. Na ce Ɗanladi ya tsaya.

"Manaja, lambun nan fa da mai shi."

"Na sani. Hoto kawai zan yi. Hoto ba ya rage wa bishiya ganye."

Muka yi sallama babu kowa. Na tsallaka shingen ƙaya, ya kama min wando, na ƙarasa. A gindin wani mangwaro na tarar da garwar ban-ruwa irin ta 'yan lambu, mai dogon hanci, an ɗaure mariƙinta da waya da guntun robar taya. Na saka rigar kamfani, na gyara koriyar hula, na durƙusa a gindin mangwaron ina tsiyaya masa ruwa, ina kallon nesa kamar mai tunanin jikokin jikokinsa. (Mangwaron ya fi ni shekaru. Ko a lokacin ya kamata wannan ya dame ni.) Ɗanladi ya ɗauka da wayata yana girgiza kai.

Da za mu tafi sai na saka garwar a mota, da niyyar in ƙara wasu hotunan a gaba in mayar da ita a kan hanyar dawowa. Allah ya sani niyyata ke nan. Sai dai mun dawo ta wata hanyar, garwa ta kwana a Kazaure, ta ƙara kwana, har ta zama 'yar gida a bayan ofishina. Da taro ya matso aka ce ana buƙatar abin da babban baƙo zai ba dashen ƙaddamarwa ruwa da shi, sai na tuna da ita. Na kai wa mai fenti ya shafe ta kore, ya rubuta sunan kamfani a jiki, na ɗaura mata kintinkiri.

Alhaji ne ya kawo shawarar uban taro. Ya ce, "Tunda maganar itace ce, a nemo dattijon da ya san itace ya sa mana albarka. Ba sai 'yan siyasa kawai ba." Na tambayi wani abokina a ƙaramar hukuma, ya ce ai duk yankin babu kamar Malam Iro, tsohon malamin daji ne da ya yi ritaya, mutane na ganin girmansa. Na rubuta takardar gayyata na ba abokin nawa ya kai. Ban taɓa ganin Malam Iro ba, ban tambayi inda yake zaune ba, ban kuma tambayi abin da yake yi tun da ya bar aiki ba.

Ranar taro muka kafa rumfuna biyu a bakin kasuwa, muka ɗaura lasifika a kan mota yadda har 'yan awaki da ke can ƙarshe za su ji. Aka jera kujeru, aka yi ta raba ruwa kyauta. Wakilin hakimi ya zo, da shugaban makarantar firamare, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da wani mai ɗauko wa rediyo rahoto. Na tura Ɗanladi ya ɗauko uban taro da kwatancen da abokina ya rubuta masa.

Da suka iso, na ga dattijo siriri mai farin gemu, da farar riga wadda ta sha wanki, yana tafiya a tsanake. Na durƙusa na gaishe shi, na kai shi kujerar tsakiya. Ina juyowa Ɗanladi ya riƙo min hannun riga. Fuskarsa kamar wanda ya haɗiyi ƙwallon goruba.

"Manaja, ina son magana da kai."

"Bayan taro."

"Maganar ba ta bayan taro ba ce."

"Ɗanladi, kana gani an fara addu'a. Ka je ka kula da lasifika."

Ya sake min hannun riga ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Ya koma jikin mota ya harɗe hannu.

Alhaji ya yi jawabi gajere, ya gode wa jama'a ya zauna. Sai ni. Na yi minti ashirin ina zuba. Na yi maganar hamada, na yi maganar amanar da za mu bar wa 'ya'yanmu, na ce wasu kamfanonin riba kawai suka sani, mu kuwa ƙasa ce a gabanmu. Aka yi tafi. Tafin nan shi ya ƙarasa ni, don abin da ya biyo baya ba ya cikin takardata. Na ce, "Jama'a, mu ba surutu muke ba. Yanzu za ku ga ɗaya daga cikin dazuzzukan da kamfaninmu ya raya da hannunsa." (Ɗaya daga ciki. Wato akwai wasu ma.) Na roƙi uban taro ya taso ya yaye ƙyalle, na miƙa masa makirufo don ya sa albarka.

Malam Iro ya yi bisimilla ya ja igiya. Ƙyalle ya faɗi. Ga ni nan ƙato, na fi ƙofar gida tsawo, a durƙushe da koriyar hula, ina ba mangwaro ruwa. A sama an rubuta: MUN SHUKA, MUN RAYA.

Aka fara tafi, amma dattijo bai tafa ba. Ya ja da baya taku biyu. Ya ciro tabarau daga aljihu ya saka. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Tafi ya yi ta raguwa har ya mutu. Na hango Ɗanladi ya juya baya yana kallon tayar mota.

"Ikon Allah," in ji Malam Iro, kuma makirufo na bakinsa, lasifika ta kai maganar har rumfar masu gishiri. "Wannan mangwaron na dasa shi shekarar da aka haifi 'yata ta biyu. Yanzu 'ya'yanta huɗu."

Wani ya yi dariya a baya, aka ce masa ya yi shiru.

"Ga rijiyata can a gefe. Waccan rigar da ke rataye a reshe ma tawa ce." Ya juyo ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa, abin da ya fi komai muni ke nan. "Ɗana, yaushe kuka raya min shi ban sani ba?"

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya, na manta makirufo na tsakaninmu.

"Baba, ai hoton na misali ne."

"Misalin me?"

"Misalin... irin wanda muke da shi."

"To madalla. A ina naku yake? Ni mai son itace ne, zan so in je in gani."

Duk rumfar ta zuba min ido. Alhaji ma ya cire tabarau. Na nemi ƙarya a kaina, ko guda ɗaya, irin waɗanda na yi minti ashirin ina zubarwa ba wahala, na tarar duk sun gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yana hanya, Baba."

Kasuwa ta ɗauka. Na ji wata mai ƙosai tana tambayar maƙwabciyarta, "Wai dajin ne yake hanya? A mota za a kawo shi?"

Da a nan aka tsaya da na gode wa Allah. Amma shugaban makaranta, mutumin kirki, ya so ya cece ni. Ya miƙe ya ce to a wuce ga dasa bishiyar ƙaddamarwa. Ya ɗauko koriyar garwa daga kan tebur da hannu biyu ya miƙa wa uban taro.

Malam Iro ya karɓa. Ya jinjina ta. Ya shafa mariƙin, ya kai ɗan yatsa kan wayar da robar tayar da fenti ya rufe amma bai ɓoye ba. Ya ɗan kankare da farce.

"Sati biyar ina nemanta," ya ce. "Har na zargi wani bawan Allah mai kiwo da ke wucewa ta wurin, na yi masa magana mara daɗi. Yau sai in je in nemi gafararsa." Ya juya ta ya karanta sunan kamfani. "Amma an yi mata kwalliya, na gode."

Ba zan iya kwatanta dariyar da aka yi ba. Wakilin hakimi ya rufe fuska da hannun babbar riga, kafaɗunsa na rawa. Mai rahoton rediyo ya matso da na'urarsa. Ni kuwa ina tsaye a ƙarƙashin hotona, shi yana kallon nesa cikin natsuwa, ni ina neman ramin da zan shiga. Ramin da ke kusa kuwa na dashe ne, ba zai ɗauke ni ba.

Dattijo ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya sunkuya ya tsinci ledar ruwa ɗaya daga ƙasa, cikin ɗaruruwan da aka sha aka yar a wurin tun safe. Ya ɗaga ta sama, koren rubutunmu na sheƙi.

"Alhaji, kada ranka ya ɓaci, amma yaron nan bai yi ƙarya duka ba. Kun yi shuka a Gwiwa. Ga ta nan. Tana gonakinmu, tana kwatocinmu, tana cikin tumbin awakinmu. Ba ta son ban-ruwa, kuma ban taɓa ganin wadda ta mutu ba."

Wannan karon ba a yi dariya sosai ba. Sai gyaɗa kai, da "gaskiya ne" daga nan da can. Malam Iro ya dasa bishiyar dai, ya ba ta ruwa, ya yi addu'a mai kyau, ya miƙo min garwar ya ce in kai masa gida da kaina tunda na san hanya.

Ni da Alhaji muka shiga mota muka kamo hanyar Kazaure. Ɗanladi na tuƙi, sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce, "Da na je ɗauko shi, a gindin mangwaron na same shi." Na ce na gane.

Labari ya riga mu isa gida. Matata ta kawo min abinci ta ajiye, ta zauna, ta yi ta kallon bango tana cije leɓe. Na ce ta yi dariyarta ta huta. Ta yi kuwa.

Da safe Alhaji ya kira ni. Na shiga da shirin a ce in ajiye makullin ofis.

"Jiya a masallaci liman da kansa ya tambaye ni ko dajin ya iso," ya ce.

"Kawu, ka yi haƙuri."

"A nan Alhaji nake. Laifin ba naka ne kai kaɗai ba, ni ma na ji ƙaryar na bar ta ta wuce don tana kawo ciniki. Korarka ba za ta wanke ni ba. Ɗauki garwar mutane mu tafi."

Muka sami Malam Iro a lambu. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na haɗa da na shingen da na tsallaka. Ya ce ya yafe, amma in fara zuwa rugar makiyayin nan tare da shi in faɗa da bakina cewa ni na ɗauka. Muka je. (Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi koriyar garwa, ya tambayi Malam Iro da gaske ko lafiyata ƙalau.)

Da muka dawo dattijo ya zagaya da mu bayan lambun, inda ban kai ba ranar hoto. A ƙarƙashin wata rumfar kara ya jera dashe layi-layi, kowanne a cikin ledar ruwa da aka yanke wa baki aka cika da ƙasa da taki. Rabinsu da sunan kamfaninmu a jiki. Ya ce duk ranar kasuwa in an watse yakan bi ya tsince, ya rena dashe a ciki, da damina ya raba wa masu so. Abin da ke ba shi wuya biyu ne: bayansa ya fara gajiya da sunkuyo, rijiyar kuma tana ja da baya a bazara.

Alhaji ya dube ni. Na san hukuncina tun kafin ya faɗa.

Wata shida na yi ina bin kasuwannin Gwiwa da Roni da Babura da buhu a kafaɗa ina tsintar leda. Ni, mai difloma, mai kujera mai juyawa. Makon farko mutane har layi suke yi su gaishe ni: "Manaja, ya hanya? Dajin ya kusa?" Na koyi amsawa da "Yana nan tafe, miƙo ledar hannunka." A hankali tsokana ta koma taimako, masu shaguna suka fara tara min a kwali. Ruwan da muke zubarwa wajen wanke injina kuma Alhaji ya sa a riƙa tarawa a tanki, Ɗanladi na sauke wa lambu in zai wuce.

Aka daina waƙar rediyo, aka sauke allon. (Yanzu shi ne rufin akurkin kajin matata. Kaji na kwana a ƙarƙashin fuskata.) Sai da damina ta wuce, dashen da aka raba suka kama, aka yi musu kariya da ƙaya, sannan Alhaji ya ce in rubuta sabuwar talla, da sharaɗin in kai wa Malam Iro ya duba kafin a buga.

Na kai masa shafi guda cur. Ya sa na karanta masa a gindin darbejiya.

"Kamfanin da ya fi kowa kishin muhalli..."

"Ka auna na sauran?"

"A'a, Baba."

"Cire."

"Mun kawo ƙarshen matsalar leda a..."

Ya nuna min wata leda da iska ta maƙala a shingensa. Na cire da kaina.

"Mun shuka bishiyoyi..."

"Wa ya shuka?"

"Mutanen gari, Baba. Kai ka rena."

"To rubuta haka. Kuma kada ka ƙirga wadda aka dasa, ƙirga wadda ta ga bazara ta rayu. Ka faɗi inda suke, mai shakka ya je ya gani. Ka kuma faɗi cewa ledarku har yanzu tana ɓata gari, kuna ƙoƙari ne. In ka riga mutane faɗin aibinka, ba su da abin da za su tona."

Shafina ya koma layi uku. Babu hotona a ciki. Na yi zaton ba mai kula tallar, don ba ta da gishiri ko kaɗan, amma ita ce har yau take jikin motocinmu, kuma ba a taɓa tsayar da Alhaji a masallaci a kanta ba. Babura ma ta dawo, ba duka ba, kuma ba da gudu ba.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Aiki ne ke yin gaba, magana ta biyo shi a ƙafa, tana ɗan ja baya ma don ladabi. Mutanen da kake yi wa talla ba baƙi ba ne, sun san kowace bishiya da mai ita, har da shekarar da aka dasa ta. In kuwa shaiɗan ya rinjaye ka sai ka yi taƙama da lambun wani, to ka taimaki kanka, ka tambayi sunan mai lambun kafin ka rubuta takardar gayyatar uban taro.